Sana'ar Waƙa a Gaban Alƙalan Apollo

A titi na 125 a unguwar Harlem ta birnin New York akwai gidan kallo mai suna Apollo, mai cin mutum kimanin 1,500. Farkon buɗe shi, baƙar fata ko da kuɗinsa ba ya shiga. Sai a 1934 aka buɗe ƙofa ga mutanen unguwar, kuma a shekarar ce Ralph Cooper ya ƙirƙiro gasar 'yan koyo, wadda ta zama al'adar daren Laraba.

A ƙasar Hausa yaro yakan yi shekaru yana amshi a bayan ubangidansa kafin ya isa ya ja waƙa. A Apollo kuwa, 'yan kallo ne ubangida, su ne kuma alƙalai. Ɗan koyo zai fito daga bayan labule, ya shafa wani guntun kututture da ke gefen dandamali, wanda suka camfa da sa'a, sannan makaɗan gidan su ɗauko masa kiɗa. Idan muryar ta zauna, tafi zai ɓarke tun bai kai tsakiyar waƙa ba. Idan ta yi rawa, ko ya saɓa wa kiɗa, sai ihu ya taso daga kujerun sama, jiniya ta yi kuka, wani mutum cikin kayan ban dariya ya fito da tsintsiya yana rawa har ya kore shi. Howard Sims, gwanin rawa da ake kira Sandman saboda a kan yashi yake taka rawarsa, ya yi shekara da shekaru yana wannan aiki.

Wani zai ce wannan wulaƙanci ne, kuma lalle akwai ciwo a ciki. Amma ni ina ganin nan ne ake koyon abin da ɗakin ɗaukar sauti ba ya koyarwa: riƙe numfashi alhali gwiwa na kaɗawa, zaɓen waƙar da ta dace da maƙogwaronka, da karanta fuskar jama'a kafin su juya maka baya. Na'ura tana gyara murya, amma ba ta sa wa mutum ƙarfin zuciya. Lauryn Hill tana 'yar shekara 13 aka yi mata ihu a wannan dandamali, ta dake ta ƙarasa waƙarta.

Ella Fitzgerald ma da niyyar rawa ta je a Nuwamban 1934, tana da shekara 17. Da ta ga gwanintar wasu 'yan'uwa mata da suka riga ta, sai jikinta ya yi sanyi, ta koma waƙa, ta kuma lashe gasar. Sarah Vaughan ta ci a 1942, Jimi Hendrix a 1964, yaran gidan Jackson a 1967. Dubbai kuwa sun hau sun sauka, washegari suka koma bakin aikinsu, babu mai tuna sunansu. Su ne mafi yawan masu wannan sana'a a ko'ina.

Ko manyan mawaƙa sun san darajar wannan taro. A Oktoban 1962 kamfanin da ke buga faifan James Brown ya ƙi biyan kuɗin ɗaukar wasansa a Apollo, sai Brown ya biya daga aljihunsa, don yana so duniya ta ji yadda mutanen Harlem ke amsa masa. Faifan ya fito a 1963, ya yi sama da shekara guda cikin jerin waɗanda aka fi saye a Amurka.