Gadar Ƙasa a Ƙarƙashin Layin Dogo: Aikin da Ruwa Ke Yi wa Hukunci

Jirgin ƙasa ba ya tsayawa nan take, ba ya kuma hawa tudu mai tsauri. Shi ya sa duk inda titi ya haɗu da layin dogo a tsakiyar gari, titin ne zai sassauto: ko ya hau sama, ko ya nutsa ƙasa. Barin su a kan doron ƙasa ɗaya kuwa sayar da rai ne, kamar yadda aka gani a Ikeja ranar 9 ga Maris, 2023, lokacin da jirgi ya yi awon gaba da motar ma'aikatan gwamnatin Legas, mutum shida suka rasu.

Idan aka zaɓi gadar ƙasa, tambayar farko ita ce tazarar da ke tsakanin kwalta da cikin gada. A Birtaniya, gadar da tazararta ba ta kai kimanin mita 5 ba sai an kafa mata alamar gargaɗi. A garin Durham na jihar North Carolina a Amurka akwai gadar jirgi da a da tazararta mita 3.56 ce kacal, wadda ta yi suna wajen fige rufin manyan motoci. Ba a iya ƙara wa titin zurfi ba, domin babban bututun ƙazantar gari na kwance a ƙarƙashinsa. A 2019 dole gadar aka ɗaga da santimita 20, kuma duk da haka motoci ba su daina karo da ita ba.

To, me zai hana a haƙa da zurfi tun farko? A nan ruwa ke shigowa. Gadar ƙasa kwarya ce: duk ruwan da ya sauka a gangarenta biyu tsakiya zai nufa. Idan gindinta ya fi magudanar gari zurfi, ruwan ba zai fita da kansa ba. Sai an gina rijiyar tara shi, an sa injinan zuƙe ruwa fiye da ɗaya, da janareto na ko-ta-kwana, tunda wuta ta fi ɗaukewa lokacin hadari. Ƙarƙashin gadar Minto a birnin Delhi ya shafe shekaru yana cika da ruwa a damina, har wani direba ya nutse a ciki a Yulin 2020. Ruwan da ke cikin ƙasa ma yana turo ginin sama, don haka kankaren yana buƙatar nauyi da kariya daga yoyo.

Akwai kuma matsalar yin gini alhali jirgi na wucewa. Wata dabara ita ce a zuba ƙaton akwatin kankare a gefen layi, sannan a riƙa tura shi da manyan jak sannu a hankali, ana kwashe ƙasar da ke gabansa.

Mai tafiya a ƙafa da mai tura kura su ma suna da haƙƙi: hanya tasu daban, sama da kwaltar motoci, mai fitila, inda mace za ta bi da dare hankalinta kwance.

Yanzu da ake shimfiɗa layin dogo daga Kaduna zuwa Kano, da kuma Kano zuwa Maraɗi, garuruwanmu za su fuskanci wannan zaɓi. Kafin a sa hannu a kwangila, jama'a su tambaya: ina ruwan zai tafi, kuma wa zai riƙa kwashe yashi da leda daga magudana yana gyara injin bayan shekara goma? Zanen da bai amsa wannan ba bai kammala ba.