AZABAR DA BA TA BARIN TABO

Mutane da yawa suna zaton azabtarwa ba ta wuce duka da ƙuna ba. Amma yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta shekarar 1984 ta bayyana cewa matsananciyar wahalar da ma'aikacin hukuma ya ɗora wa zuciyar mutum da gangan, don ya amsa laifi, ko don a tsorata shi, ita ma azabtarwa ce. Nijeriya ta tabbatar da yarjejeniyar a 2001, ta kuma kafa Dokar Hana Azabtarwa a 2017, wadda hukuncinta zai iya kai ɗaurin shekara 25.

Yadda Ake Yin Ta

Akan hana mutum barci kwana da kwanaki, ko a ɗaure masa idanu, ko a kulle shi shi kaɗai. Akan tuɓe shi tsirara a gaban jama'a, ko a yi masa barazanar kisa ko cutar da iyalinsa.

Alamunta

Wanda aka yi wa haka ba safai yakan faɗa ba, saboda kunya da tsoro. Yakan zo asibiti da ciwon kai, faɗuwar gaba, rashin barci da munanan mafarkai. Bugun ƙofa ko ganin kaki yakan firgita shi. Labarinsa yakan zo a hargitse domin azaba tana dagula tunani, saboda haka kada a ɗauke shi maƙaryaci. Rashin tabo ba shaida ba ne cewa ba a azabtar da shi ba.

Aikin Ma'aikatan Asibiti

Ƙa'idojin Istanbul na 1999 su ne jagora. A gana da majiyyaci a keɓe, ba a gaban mai tsaronsa ba. Kada a jero masa tambayoyi kamar ana tuhumarsa, a bar shi ya faɗi abin da zai iya. A yi bayani, a nemi izini kafin a taɓa jikinsa, musamman wajen allura. A rubuta maganarsa yadda ya faɗe ta, a kuma tsare sirrinsa. A tambaye shi a hankali ko yana tunanin halaka kansa.

Aikin Iyali

Kada a ce masa raggo, kada kuma a tilasta masa mantawa. Idan damuwar ta daɗe, a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya, kamar na Kaduna, Maiduguri, Kware, Yaba ko Enugu. Ana samun sauƙi ta hanyar zantawa da ƙwararru, wani lokaci tare da magani. Ƙorafi kuwa, a kai shi Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa.