A daina ƙona adda da sunan washi

Da zarar lokacin sassabe ya yi, ko gamba da sabara sun rufe hanyar gona, sai ka ga mutane cincirindo a wurin mai walda, kowa da addarsa. A danna bakinta a giranda, tartsatsi yana tashi, mai ita yana washe baki wai yau ta sha washi. Wannan ɗabi'a ta isa haka.

Kaifin adda yana tare da taurin ƙarfenta. Ko ta maƙerin ƙauye ce da ya ƙera da sifirin ɗin mota, ko ta kanti mai tambarin kada ta kamfanin Martindale na Ingila, sai an gasa ƙarfen ya yi jajur, an tsoma shi a ruwa ko mai, sannan an sake ɗumama shi kaɗan don kada ya riƙa tsagewa. Bakin adda siriri ne, cikin daƙiƙoƙi yake ɗaukar zafi. Idan ka ga ya koma shuɗi, zafin ya kai wajen digiri 300 a ma'aunin Salshiyas, kuma taurin wurin ya ragu ke nan. Ranar farko za ta ci kamar reza. Kafin azahar ta lanƙwashe a kan kututture, ka koma wurin injin, ya sake cinye ƙarfen. Sannan a ce kayan zamani ba su da ƙarko! Kai ka kashe ta da kuɗinka.

Ga abin yi. Kafa addar a kan gungume, ka tura magagari daga wajen ƙota zuwa tsini, gefe ɗaya sannan ɗayan, yatsunka nesa da kaifin. Ka ƙarasa da dutsen washi da ruwa. Ta ciyawa a siranta bakinta, ta itace a bar mata kauri. Bar kamar faɗin tafin hannu kusa da ƙota ba washi. Idan injin ya zama dole, a taɓa kaɗan, a tsoma a ruwa, a sake taɓawa.

Wajen saye kuma, doguwa marar nauyi ta ciyawa ce, mai nauyi a gaba ta rassa ce. Girgiza ƙotar, in tana motsi ajiye ta.

Bayan aiki a goge ta, a shafa mata mai saboda tsatsa, a rataye inda hannun yara ba ya kaiwa.