Sabuwar manhaja, tsohon rajista: yadda ake jona asusun manoma da rumbun bayanan da ke ƙasa

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya da rani zai ga shinkafa, alkama da tumatir kore shar tun daga Kura har Kadawa. Ruwan yana fitowa ne daga madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, ya biyo manyan magudanai zuwa gonakin ƙananan hukumomin Kura, Bunkure da Garun Malam, ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Bayan wannan ruwa akwai wani abu da ba a gani daga titi: rajista. Ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, waɗanda shirin TRIMING na Bankin Duniya ya ƙarfafa tun bayan amincewa da shi a 2014, aikinsu ya haɗa da sanin wane ne ke da wace gona, girmanta nawa, kuma ya biya kuɗin ruwa ko bai biya ba.

A ce irin wannan ƙungiya ta riƙe sunayen mambobinta a kwamfuta shekara da shekaru, sai ta ɗauko wani matashi ya haɗa mata manhajar da manomi zai shiga ta waya ya duba bashinsa. A nan ne yawancin sababbin masu haɗa manhaja ke yin tuntuɓe.

Inda matsalar take

Django da Laravel, kayan aikin da matasa suka fi koyon haɗa shafin intanet da su, kowanne yana zuwa da nasa tsarin asusu. Da an kunna su sai su ƙirƙiri sabon teburin masu amfani, babu kowa a ciki. Hanya mafi sauƙi ita ce a ce kowane manomi ya sake yin rajista. Sakamakon haka shi ne rajista biyu. Sakatare ya rubuta a tsohon cewa Malam wane ya biya, manhaja kuma tana nuna ana binsa. Ranar rabon ruwa ko taki, wannan saɓani na iya hana mutum haƙƙinsa, kuma wanda aka hana ruwa sati guda a tsakiyar Maris ya san abin da ya yi asara.

Mafita ita ce manhajar ta karanta daga rumbun bayanan da ke akwai, gaskiyar ta zauna wuri ɗaya.

Yadda ake jonawa

Kafin a taɓa komai, a kwafi rumbun gaba ɗaya a ajiye, a yi gwaji a kan kwafin.

A Django akwai umarni mai suna inspectdb. Yana leƙa tsohon rumbun, ya rubuto fasalin kowane tebur da kansa, tare da alamar managed = False, wadda ke hana Django ƙirƙira, sauya ko goge teburin. Daga nan sai a nuna masa teburin da zai ɗauka a matsayin na masu amfani ta hanyar AUTH_USER_MODEL, a kuma faɗa masa abin da mutum zai shiga da shi ta USERNAME_FIELD. Wannan shawara ce ta ranar farko, domin sauya ta bayan aiki ya yi nisa yana da wahala ƙwarai. A Laravel kuwa, ana rubuta sunan tsohon teburin da ginshiƙin lambarsa a cikin fasalin User, sannan a daidaita fayil ɗin config/auth.php.

Akwai hanya ta biyu da ta fi aminci idan wata tsohuwar manhaja na ci gaba da rubutu a rumbun: a bar teburin manoma yadda yake, a buɗe ƙaramin tebur na shiga kawai, kowane layi a cikinsa ya ɗauki lambar manomin da ke tsohon rajista. Ko da sabuwar manhajar ta samu matsala, rajistar ba ta ji komai ba.

Da me manomi zai shiga?

Laravel an gina shi ne da tunanin kowa yana da imel, Django kuma da sunan mai amfani ake shiga. A Kura lambar waya ce ke aiki, amma ita ma da nata rigimar. Wani an rubuta tasa da 0803, wani da +234803, wani kuma Excel ya cinye masa sifirin farko saboda ya ɗauke ta a matsayin lissafi. Dole a mayar da su duka fasali ɗaya kafin a kwatanta. Sannan gida ɗaya na iya samun manoma uku da waya ɗaya, kuma kamfanonin sadarwa kan sake sayar da layin da ya daɗe ba a amfani da shi. Idan lambar waya ce kaɗai shaidar mutum, sabon mai layi ya gaji asusun wani.

Suna ma ba ya raba gardama. Masu suna iri ɗaya a gari guda ba sa ƙirguwa, kuma Muhammad, Mohammed da Mamman na iya zama mutum ɗaya. Abin riƙewa shi ne lambar mamba da ba ta canzawa, waya kuma ta zama maƙulli da za a iya sauyawa. A kuma raba mutum da gona: manomi ɗaya na iya riƙe gonaki uku, gona ɗaya kuma bana tana hannun mai ita, baɗi tana hannun wanda ya karɓi haya ko jingina.

Kalmar sirri

Idan tsohon rumbun yana da kalmomin sirri, a duba yadda aka adana su. Django yana rikita su da PBKDF2, Laravel da bcrypt, ta yadda ko ɓarawo ya sace teburin ba zai karanta su kai tsaye ba. Tsofaffin manhajoji da yawa sun yi amfani da MD5, wasu ma a fili suka ajiye. Haɗarin ba tatsuniya ba ne: a 2012 an saki kalmomin sirri kusan miliyan 6.5 na masu amfani da LinkedIn, kuma an fasa da yawa cikin sauri saboda raunin tsarin da aka adana su.

Dabarar da aka saba ita ce manhaja ta karɓi tsohon tsari sau ɗaya, da mutum ya shiga ta sake adana kalmarsa da sabon tsari. Idan babu kalmar sirri sam, kada a raba wa kowa 1234. A tura lambar tabbatarwa ta saƙon tes, mai mutuwa cikin mintuna kaɗan, wanda ya rasa layinsa kuma ya je gaban sakatare da kansa.

Amana da doka

Rajistar manoma na ɗauke da lambobin waya, wani lokaci har da NIN ko lambar asusun banki. Dokar kare bayanan sirri ta Najeriya, wadda aka sanya wa hannu a Yunin 2023, ta ɗora wa duk mai riƙe irin waɗannan bayanai alhakin tsare su. Don haka manhajar ta shiga rumbun da asusu mai iyakataccen izini, manomi ya ga nasa kaɗai, ma'aji ya ga kuɗi, kuma duk wanda ya gyara wani abu a rubuta sunansa da lokaci.

Kafin ƙaddamarwa, a zaɓi manoma ashirin daga ɓangarori daban-daban, a zauna da sakatare da littafinsa, kowanne ya shiga ta wayarsa a kwatanta. Idan ashirin ɗin sun ga gonarsu da kuɗinsu daidai, sai a buɗe wa sauran.