Firam Ɗin Keke: Kyan Gani ko Daɗin Hawa?

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, keke ya sake samun daraja a ƙauyukan Arewa. A Ƙaramar Hukumar Birnin Gwari da ke yammacin Jihar Kaduna, inda garuruwa irin su Kuyello da Randagi da Dogon Dawa suke warwatse a gefen daji, keke shi ne ke kai ɗalibi makaranta, shi ne kuma ke kai buhun masara kasuwa. To, amma duk wanda ya je saye yakan tarar da iri biyu. Ga baƙin keke mai kariya irin na Raleigh ko Phoenix, wanda samari ke yi wa kallon keken tsofaffi. Ga kuma keken tsere na gwanjo, siriri, mai fenti mai ƙyalli da lanƙwasasshen kai. Ido yakan zaɓi na biyu, amma baya da gwiwa da aljihu su ne ke biyan kuɗin zaɓin. Bambancin da ke tsakanin kekunan biyu yana cikin firam, wato ƙashin bayan keke, kuma ana iya auna shi.

Asalin siffar firam

Siffar keken da aka sani a yau ta samo asali ne daga keken Rover, wanda John Kemp Starley ya ƙera a birnin Coventry na Ingila a 1885. A 1888 kuma John Boyd Dunlop ya fito da taya mai iska. Ba a daɗe ba maƙera suka tsaya a kan firam mai alwatika biyu da ke jingine da juna. Dalilin haka a fili yake. Idan aka haɗa sanduna huɗu da ƙusa a kusurwoyinsu aka danna, sai su karkace. Idan kuwa uku ne, ba su motsawa sai in ɗaya ta karye. Wannan ne ya sa bututun ƙarfe marar kauri yake iya ɗaukar ƙato da kayansa.

Amma wannan ƙarfi yana da wata ma'ana da masu saye ba su cika lura da ita ba. Tun da alwatika ba ta lanƙwasawa, firam ba ya shanye jijjigar hanya sai ɗan kaɗan. Taya da sirdi ne ke yin yawancin wannan aiki. Saboda haka daɗin hawa ya dogara ne a kan abu uku da firam ke yankewa: yadda mahayi zai zauna, yadda keken zai tafi, da faɗin tayar da zai iya ɗauka.

Me ya sa keken tsere yake da wannan siffa?

Keken tsere ba don ado aka yi shi haka ba. Babban abokin gabar ɗan tsere shi ne iska. Ƙarfin da iska ke tura mahayi baya da shi yana ƙaruwa ne daidai da gudu sau gudu. Alal misali, idan gudu ya tashi daga kilomita 15 a awa zuwa 45, wato ya ninka sau 3, turin iska zai ninka sau 9, aikin da ƙafa za ta yi a kowace daƙiƙa don keta iskar kuma zai ninka sau 27. Don haka ne ake sauke kan keken tsere ƙasa da sirdi, domin mahayi ya duƙa ya rage faɗin jikinsa da ke karo da iska.

Ɗalibin da ke tafiya a kan hanyar burji mai gargada ba ya wuce kilomita 12 zuwa 15 a awa. A irin wannan gudu iska ba ta da wani tasiri mai yawa. Ke nan ya ɗauki wahalar duƙawa ba tare da ya ci ribarta ba. Wahalar kuwa ba ƙarama ba ce. Duƙawa tana mayar da nauyin jiki kan tafin hannu, inda wata jijiya ke ratsawa zuwa ƙaramin yatsa da mai bi masa. Idan ta daɗe a danne sai yatsun su yi sanyi kamar an ɗaure su. Wuya ma yakan gaji, domin dole a riƙa ɗaga kai don a hango ramukan da ke gaba.

Kusurwa da tazara

Bututun da ke riƙe da kan keke ba a miƙe yake ba, a jingine yake. A keken tsere kusurwarsa da ƙasa takan kai digiri 72 zuwa 74, tazarar da ke tsakanin tsakiyar ƙafar gaba da ta baya kuma kimanin mita 1 ce. A baƙin keke kusurwar ba ta kai digiri 70 ba, tazarar kuma ta ɗara ta keken tsere da santimita 10 ko fiye. Gajeren keke mai miƙaƙƙen kai yana saurin juyawa, abin da ɗan tsere ke so a cikin cunkoso. Dogon keke kuwa yana tafiya a natse; idan ƙafar gaba ta faɗa rami ko yashi ba ya saurin kauce wa hanya. Bugu da ƙari, tsawon bayansa yana sa nauyin da ke kan kariya ya zauna kusa da saman ƙafar baya, maimakon ya zarce ta ya riƙa ɗaga gaban keken.

Taya ita ce katifa

Tsofaffin kekunan tsere, irin waɗanda ke shigowa gwanjo, an yi su ne don taya mai faɗin milimita 23 zuwa 25, kuma firam ɗin ba ya barin wurin wadda ta fi haka da yawa. Siririyar taya dole a cika ta da iska har ta yi tauri, in ba haka ba tif ya matse tsakanin dutse da ƙarfen ƙafa ya fashe. Tayar baƙin keke kuwa faɗinta ya kusa milimita 40, iskar da take buƙata kusan rabin ta waccan ce, don haka takan lotsa ta haɗiye tsakuwa. Da damina, wadda a wannan yanki kan kama daga Mayu zuwa Oktoba, akwai wata matsalar: taɓo yakan cushe ɗan wurin da ke tsakanin taya da firam har ƙafa ta daina juyawa.

'Yan tsere da kansu sun gane haka. A gasar Paris-Roubaix ta Faransa, wadda aka fara a 1896, kuma ake bin tsofaffin hanyoyin da aka shimfiɗa da duwatsu, manyan mahaya sun koma taya mai faɗin milimita 30 zuwa 32, domin an gano cewa a hanya mai gargada faffaɗar taya ba ta rage gudu.

Ƙarfe ko alminiyam?

Nauyin alminiyam kusan kashi ɗaya cikin uku ne na nauyin ƙarfe, amma taurinsa ma kusan kashi ɗaya cikin uku ne. Shi ya sa ake yi masa manyan bututu, waɗanda ke burge ido. Idan firam ɗin ƙarfe ya tsage, mai walda na bakin kasuwa zai iya ɗinke shi. Na alminiyam yana buƙatar na'ura ta musamman, kuma zafin walda yakan raunana wurin. Na zaren kabon kuwa walda ba ta kama shi sam. Ga wanda ke zaune a gefen Gandun Dajin Kamuku, fiye da kilomita 100 daga Kaduna, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Ba a ce baƙin keke ba shi da aibu ba. Nauyinsa yakan kai kilo 20, ninki biyu na keken tsere. Giya ɗaya gare shi, don haka hawan tudu aiki ne, birkinsa na sanda kuma yakan yi rauni in ruwa ya jiƙa shi. Wanda hanyarsa kwalta ce mai kyau, kuma ba ya ɗaukar kaya, keke marar nauyi zai yi masa amfani. Haka nan keken hawan dutse mai firam ɗin ƙarfe da faffaɗar taya zaɓi ne mai kyau, muddin aka guji masu arha da aka cika da sifirin don ado, domin sifirin ɗin yakan shanye ƙarfin feda.

Gwajin da za a iya yi a aji

Firam mai kyau in ya yi wa mutum girma ko ƙanƙanta, wahala ne. Ɗalibi ya tsaya ba takalmi ya jingina da bango, a auna daga ƙasa zuwa hantsarsa. Ƙa'idar da ta yi suna ta hannun Greg LeMond, Ba'amurken da ya ci gasar Tour de France a 1986 da 1989 da 1990, ita ce a ninka wannan awo da 0.883 don samun tsayin sirdi daga tsakiyar gindin feda. Girman firam kuma a ninka da kimanin 0.65. Mai ƙafa santimita 80 zai buƙaci firam na santimita 52 da sirdi a santimita 70.6. Idan ya tsaya da keken a tsakanin ƙafafunsa, a sami aƙalla faɗin yatsu biyu tsakaninsa da sandar sama. Idan feda tana ƙasa, gwiwa ta ɗan lanƙwasa kaɗan. Sirdin da ya yi ƙasa da yawa shi ke kawo ciwon gaban gwiwa.

Keken gwanjo kuma yana buƙatar gwaji na biyu. A ɗaura zare a inda ƙafar baya ke shiga ta dama, a zagaya da shi ta bututun kai, a dawo a ɗaure ta hagu. Sannan a auna tazarar zaren da bututun sirdi ta kowane gefe. In sun bambanta da fiye da 'yan milimitoci, firam ɗin ya karkace. A kuma shafa ƙarƙashin bututun da ke bayan kai: fentin da ya tattare alama ce ta cewa keken ya taɓa yin karo. Sabon fenti ma abin tuhuma ne, domin yakan rufe tsaga.

Kuɗin keke a gidan manomi kuɗin amfanin gona ne na shekara, ba a samun su sau biyu. Kafin a biya, a auna ƙafa, a auna firam, a dubi hanyar da za a riƙa bi, sannan a hau a zaga. Bayan an gama wannan, ba laifi a zaɓi launi. Hausawa dai sun ce kyan tafiya dawowa.