Wa Yake Iya Faɗa Maka Gaskiya? Baraden Littattafan Turai da Kociyoyin Ƙwallo

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, don waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Yau za mu haɗa abubuwa biyu da za ka ce babu ruwan wani da wani: baraden tsofaffin littattafan Turai, da kociyoyin ƙwallon da muke musu a kansu a gidan kallo. Idan na ce barde, ina nufin mayaƙin nan mai doki da sulke, wanda ya yi wa sarkinsa rantsuwar biyayya. Abin da na lura shi ne, a manyan labaran nan marubuci yakan ajiye wa jarumin wani mutum a gefe mai faɗa masa gaskiya. Yadda ya yi da wannan mutumin, shi ke nuna ƙarshensa. To haka abin yake a benci ma.

Mu fara da Roland. Waƙarsa tsohuwar waƙar Faransa ce, an tsara ta wajen shekarar 1100. Sarki Charlemagne yana komawa gida daga Sifaniya, sai ya bar Roland da mutum dubu 20 su tsare bayan runduna. Aka yi musu kwanton ɓauna a wata mashigar dutse. A tarihi an yi wannan yaƙin a 778, kuma mutanen Basque ne suka kai harin, mawaƙin ne daga baya ya mayar da su Musulmin Sifaniya. Wannan mu riƙe shi.

Roland yana da ƙaho, wanda in ya busa sarki zai ji ya juyo da taimako. Amininsa Oliver ya hango yawan abokan gaba, ya roƙe shi har sau uku ya busa. Roland ya ƙi, wai kada a ce ya ji tsoro, sunan gidansu ya ɓaci. Sai da aka kusa ƙarar da mutanensa sannan ya busa, lokacin da bakin alƙalami ya riga ya bushe. Mawaƙin ya yabe shi a matsayin gwarzo. Ni kuwa tambayata ita ce: mutum dubu 20 ɗin nan fa, wa ya tambaye su?

Ku tuna wasan Tottenham da Chelsea a Nuwamban 2023. An ba Romero da Udogie jan kati, Tottenham ta koma mutum tara. Duk wanda ya san ƙwallo zai ce a ja baya a tsare gida. Ange Postecoglou ya ƙi, ya bar 'yan bayansa jere kusa da tsakiyar fili. Nicolas Jackson ya ci uku, aka tashi 4-1. Wasu suka tafa masa, suka ce namiji. Roland kenan. Amma ga inda ya fi Roland: a wasan ƙarshe na Kofin Europa a Mayun 2025, da suka ci Manchester United ɗaya, sai ya koma baya ya rufe ƙofa. Aka tashi 1-0, Tottenham ta ɗauki kofinta na farko cikin shekara 17. Wato ya busa ƙahon kafin a gama da shi. Duk da haka an sallame shi bayan 'yan makonni, saboda sun ƙare na 17 a Firimiya.

Na biyu, Don Quixote, littafin Miguel de Cervantes na Sifaniya, kashi na farko ya fito a 1605, na biyu a 1615. Wani dattijo ne da ya karanta labaran barade har kansa ya juye, ya ɗauko tsohon sulke ya hau ramammen doki, wai zai gyara duniya. Ya hango injinan niƙa masu juyawa da iska, ya ce ƙatti ne. Yaronsa Sancho Panza ya gaya masa ƙarara cewa injina ne. Bai ji ba, ya sukwane su, aka maka shi da ƙasa.

Kada ku haɗa shi da Roland fa. Roland suna yake karewa, shi kuwa wannan aƙida yake karewa, kuma zuciyarsa fara ce. Sai dai farar zuciya ba ta hana ɓarna. Akwai inda ya tarar da wani manomi yana zane yaronsa, ya tilasta masa ya yi alkawarin biyan yaron haƙƙinsa, ya kama gabansa yana jin ya yi aikin lada. Yana ba da baya, aka ƙara wa yaron duka fiye da na farko.

A ƙwallo, Marcelo Bielsa ɗan Ajantina ne ya fi kama da shi, har laƙabinsa a Sifaniyanci ma'anarsa mahaukaci. A Afrilun 2019, Leeds ta ci Aston Villa ƙwallo alhali wani ɗan wasan Villa yana kwance da rauni. Bielsa ya umarci yaransa su buɗe hanya Villa ta farke, kuma a lokacin suna neman hawa Firimiya ne. FIFA ta ba shi da ƙungiyar kyautar wasa mai tsafta. A 2020 ya dawo da Leeds Firimiya bayan shekara 16. Wallahi wannan mutunci ne. Amma da raunuka suka yi wa tawagarsa yawa, bai sassauta salonsa na kowa ya bi mutum ɗaya duk inda ya shiga ba. A watan Fabrairun 2022 kaɗai aka zura musu ƙwallo 20, aka sallame shi. Har yau mutanen Leeds suna ƙaunarsa, kamar yadda masu karatu suke ƙaunar Don Quixote. Ƙauna dai ba ta goge ƙwallo 20.

Na uku, Sarki Arthur, kamar yadda Thomas Malory ya tattara labarinsa, aka buga a Ingila a 1485. Abin da aka fi saninsa da shi teburi ne mai zagaye, wanda ba shi da kai ba shi da ƙarshe. Arthur ba shi ne ya fi kowa iya yaƙi ba, Lancelot ya fi shi. Gwanintarsa ita ce tara gwanaye, ya zaunar da su, ya saurare su.

Nan Carlo Ancelotti ne, mai Kofin Zakarun Turai biyar a matsayin koci, biyu da AC Milan, uku da Real Madrid. A wasan kusa da na ƙarshe da Manchester City a 2022, ana cikin ƙarin lokaci, aka gan shi yana shawara da Kroos da Marcelo kan wanda za a sako. Koci mai irin wannan tarihi, bai ga faɗuwar girma ba ne ya tambayi yaransa.

To amma teburin nan ma yana da ciwonsa. Da Lancelot ya kashe ƙannen Gawain, sai Gawain ya matsa lamba sai an ɗau fansa. Arthur ya so sulhu, amma ya kasa ce wa babban bardensa a'a. Ya ƙetare teku zuwa yaƙi, Mordred ya ƙwace mulki a bayansa, komai ya rushe. Ancelotti ma ya ɗanɗana irin wannan a Bayern Munich: an sallame shi a Satumban 2017 bayan PSG ta ci su 3-0, shugaban ƙungiyar Uli Hoeness kuma ya ce manyan 'yan wasa biyar ne suka juya masa baya. Mai jagoranci da yardar manya, ran da yardar ta ƙare, kujerar ta ƙare.

Me ya sa na kawo duk wannan? Saboda da yawanmu muna riƙe da wani abu: ƙungiyar matasan unguwa, ta ɗalibai, ko ƙaramar sana'a mai yara uku. Na taɓa zama a wani kwamiti inda shugaba ya san kuɗin shirin ba za su kai ba, amma ya ƙi neman agaji don kada a raina shi. Ranar taro muka ji kunya gaba ɗaya, har da waɗanda suka yi ta faɗa masa tun farko. Girman kansa shi kaɗai, amma kowa ya biya.

Don haka ka duba kanka. Akwai wanda zai iya kallon idonka ya ce ka yi kuskure, gobe kuma ya ci gaba da zama kusa da kai? In ya faɗa, kana ji tun da sauran lokaci, ko sai an ci ka huɗu? In kuma mai ƙarfi a cikin mutanenka ya matsa maka kan abin da ka san kuskure ne, za ka iya cewa a'a?

Ku faɗa mana, kocin ƙungiyarku wanne ne a cikin ukun nan? Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.