Shaidar Murfin Akwati: Fassarar Rubutun Hannu a Kan Kayan Takubban Japan

Shirinmu na musamman na yau zai leƙa ƙasar Japan, inda ake da wani ɗan faifan ƙarfe da ake kira tsuba, wanda ke zama tsakanin ruwan takobi da mariƙinsa don kare hannu. Tun da gwamnatin Meiji ta hana yawo da takobi a 1876, waɗannan faya-fayai suka koma kayan tarihi da ake saye da tsada. Ana adana su a ƙananan akwatunan katakon kiri, kuma sau da yawa wani masani yakan yi rubutu da buroshi da tawada a jikin murfin. Sunan wannan rubutu hakogaki.

A ganina, babban aikin mai fassara wannan rubutu shi ne ya isar da iyakar tabbacin da marubucin ya bayar, kada ya ƙara masa gishiri. Ku dubi abin da murfin ke ɗauke da shi: irin ƙarfen, ko baƙin ƙarfe ne ko shakudo, gaurayen jan ƙarfe da ɗan zinari, siffar faifan, zanen da ke jikinsa, sai kwanan wata da sa hannu, wani lokaci da jan hatimi. Da yawa daga cikin tsofaffin tsuba ba su da sunan maƙeri, don haka masanin yakan rubuta mumei, wato babu sa hannu, sannan ya jingina aikin ga maƙeran Owari, ko Akasaka, ko gidan Hayashi na lardin Higo. Wannan ra'ayi ne na ƙwararre. Idan mai fassara ya tsallake kalmar mumei ya ce wane ne ya ƙera, to ya mayar da zato hujja, kuma a wurin gwanjo bambancin kuɗin ba kaɗan ba ne.

Kafin ma a kai nan, sai an iya karanta rubutun hannun. Masana irin su Sato Kanzan, wanda ya rasu a 1978, ɗaya daga cikin jagororin ƙungiyar adana takubba ta NBTHK da aka kafa a 1948, sukan saki buroshi ya gudana har layukan harafi su haɗe. Sukan kuma yi amfani da tsofaffin siffofin haruffa na kafin gyaran rubutu na 1946, abin da ya sa Bajapanen yau mai digiri ma yakan tsaya yana sosa ƙeya. Kwanan wata shi ma tarko ne: shekara ta 45 ta zamanin Showa ita ce 1970, amma idan an rubuta ta da lissafin zagayen shekara 60 kawai, tana iya zama 1910.

Wani zai ce ai yanzu akwai manhajojin da ke karanta irin wannan hannu. Haka ne, suna taimakawa, sai dai yawancinsu da tsofaffin littattafai aka horar da su, ba da tawadar da ta nutse cikin jijiyar katako ba, kuma manhaja ba ta san yadda hannun Kanzan na gaske yake tafiya ba. Ƙorafi mafi nauyi shi ne na masu cewa akwati ba ya tabbatar da komai, tunda ana musanya abin da ke ciki, ana kuma yin rubutun jabu. Wannan gaskiya ce, amma ita ce ma dalilin yin fassara ta tsanaki. Idan murfi ya ce faifan zagayayye ne mai hudojin ado, na cikin akwatin kuwa mai kusurwa ne kuma toshe, fassarar ce za ta tona asirin. Shi ya sa mai fassarar kirki ba ya karɓar hoton murfi shi kaɗai. Sai ya nemi hoton faifan gaba da baya, da awonsa.